Ɗan hayana Bamaguje ne, samarin unguwa sun ce sai ya tashi kafin Juma'a

Baban Ummi, Kurmin Mashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai ba ni amsa ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ina da gidan haya a Kurmin Mashi, cikin garin Kaduna, ni da iyalina muna sashen gaba, 'yan haya suna ciki. Ɗakin ƙarshe da ke jikin rijiya wani dattijo ne a cikinsa, kowa Baba yake ce masa. Mutumin ƙauyukan Ikara ne, Bamaguje. Gadi yake yi a wani gareji, da magariba ya fita, da hantsi ya dawo ya kwanta. Ba ya salla, ba ya zuwa coci, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ranar da ya zo neman ɗaki da bakinsa ya ce mini, "Alhaji, ni a kan al'adar iyayena nake. In da damuwa ka faɗa mini tun yanzu." Na ce masa dokar gidana biyu ce, ba giya, ba hayaniya. Ya ce ya ji, kuma har yau ban taɓa kama shi da saɓa ko ɗaya ba. Kuɗin haya kafin in tambaya yake kawowa. Da gugar gida ta tsinke shi ya sayo igiya, bai nemi kowa ya biya shi ba.

Shekaranjiya yara suna ƙwallo a tsakar gida sai ta faɗa ɗakinsa, ƙofar a buɗe take, shi kuma ya zaga bayi. Yaron da ya shiga ɗaukowa ya ga wasu kaya a bayan ƙofa: 'yar tukunyar ƙasa an rufe ta da faifai, an ɗaure wuyanta da farin ƙyalle da wuri guda-guda a jiki, ga ƙahon rago a gefe, ga gashin jan zakara manne a jikin tukunyar daga waje da wani abu da ya bushe kamar jini. Yaron ya kira yayansa, yayan ya ɗauki hoto da waya ya saka a zauren WhatsApp na unguwa.

Kafin la'asar magana ta canza kama. Wani ya ɗebo hotunan tauraro mai kusurwa shida da na ido ɗaya daga intanet ya jera su kusa da hoton tukunyar, ya rubuta cewa duk tafiyar ɗaya ce, Iluminati ne, 'yan shan jini ne. Wata mata ta ce ai tun zuwansa ɗanta bai rabu da zazzaɓi ba. Wani ya ce dama me ya sa kullum da dare yake fita. Mutumin da kowa ya san gadi yake yi! Bayan isha'i samari suka taru a ƙofar gidana, babbansu ya ce, "Alhaji, muna ganin girmanka. Ka sallame shi kafin Juma'a, in ba haka ba mu za mu fitar da shi da kanmu."

Ni na san ma'anar wannan magana a garin nan. Ina saurayi aka yi rikicin watan Fabrairun 2000, na ga na 2002, na ga na 2011. Na san yadda abu yake farawa da "an ce", ya ƙare da taya da fetur.

Bari in fayyace matsayina don kada a juya mini magana. Ni Musulmi ne, ban yarda akwai wani abu a cikin tukunya da zai amfanar ko ya cutar ba, kuma yanka don wanin Allah shirka ne a wurina. Amma shirka daban, kisan kai daban. Yaran nan ba su ga gawa ba, ba su ga sassan jikin mutum ba, ba su ga kayan wani da ya ɓata ba. Abin da ba su sani ba suka gani, sai suka ba shi sunan mafi munin abin da suka taɓa ji. Zuciyata ba ta yarda in miƙa tsoho ga taron da ba ya tambaya ba.

Tambayoyina su ne: a addini, laifi ne in bar shi a gidana? Waɗanda suka san al'adar Maguzawa, mene ne waɗannan kaya? Sannan yaya zan yi da samarin nan ba tare da abin ya koma kaina da iyalina ba?

Ɗan Rigasa

Wa alaikumus salam. Alhaji, ni dai gaskiya ka sallame shi cikin mutunci, ka mayar masa da ragowar kuɗinsa, ka ƙara masa na mota. Ba wai na ce ɗan shan jini ba ne, ban san shi ba. Amma kana da yara ƙanana a gidan, kuma zamanin nan ba na yarda ba ne. Kullum muna jin an kama mutane da kawunan mutane a jaka saboda tsafin kuɗi, waɗannan ba tatsuniya ba ce, 'yan sanda suna gabatar da su a gaban 'yan jarida. Ta yaya talaka zai bambance tukunyar gado da tukunyar mugunta? Ba a rubuta a jiki ba.

Kuma ka duba maslaharsa shi kansa. Tunda sunansa ya riga ya fita, ko ka kare shi wannan Juma'ar, ranar da wani yaro ya makara bai dawo daga Islamiyya ba ɗakinsa za a fara nufa. Rigakafi ya fi magani. Ya nemi ɗaki a ƙetaren gada, kudancin gari, can ba wanda zai sa masa ido.

Maman Dauda, Sabon Tasha

Sannu Alhaji, Allah ya saka maka da ka tsaya tambaya. Ni Bahaushiya ce, Kirista, kuma kakana na wajen uba Bamaguje ne daga wannan yankin da ka ambata. A gidansa na yi yarintata kafin a kawo ni makaranta, don haka kayan da ka lissafa ba baƙi ba ne a wurina.

A tsakar gidan kakana akwai wani itace mai baki biyu da aka kafa, a gindinsa akwai tukunya irin wadda ka kwatanta. In damina ta gabato, kafin a kai iri gona, sai ya tara 'ya'yansa maza da sassafe. Ya kama zakara, ya tsuguna, ya yi magana a hankali kamar mai gaya wa babba buƙatarsa: a ba mu ruwa, a tsare mana yara daga ƙyanda, matan gida su sauka lafiya, kada fartanya ta sari kowa. Sai ya yanka, ya ɗiga jinin a jikin tukunyar, ya fige gashi kaɗan ya manna a wurin tun jinin bai bushe ba. Shi ya sa kuka ga gashin a manne. Naman kuma mu muke cinyewa, kakata ta yi mana miya da shi. Da kaka ma ba mai taɓa sabuwar dawa sai an fara zuba ta wurin. Launin abin yankan yana da dalili, domin a wurinsu kowane iska da irin abin da yake so, wani jan zakara, wani baƙar akuya, wani farar tunkiya. Kuma duk da haka in ka tambayi kakana wa ya yi sama da ƙasa, Allah zai ce maka. Iskoki a ganinsa na kusa ne da ake lallaɓawa.

Wuri kuwa ai kuɗi ne. Da shi kakanninmu duka, Musulmi da Maguzawa, suka yi ciniki a Zazzau da Kano kafin kuɗin Bature. Har yanzu ana ganinsa a jikin kayan 'yan dambe da 'yan tauri, ba wanda ya ce musu 'yan shan jini.

Ni ban bin wannan hanya, mahaifina ma ya bar ta tun kafin a haife ni, kuma na gaskata cewa ba ta ceto. Amma ba zan yarda a haɗa kakana da masu yanka mutane ba. A ƙauyenmu Musulmin da ke maƙwabtaka da mu wurinsa suke kawo ajiyar hatsi da kuɗi, saboda sun san yana tsoron ƙarya da cin amana fiye da yadda yake tsoron maciji. Masu tsafin kuɗin da Ɗan Rigasa yake magana, ka duba sunayen waɗanda ake kamawa. Sunayen Musulmi ne da na Kirista. Kwaɗayi ne ya kai su, ba addinin gargajiya ba.

Ɗan Rigasa, ka ce ya ƙetaro gada wai nan ba mai sa masa ido. Ɗan uwana, ba haka ba ne. Mu ma muna da namu. Bayan rasuwar kakana wasu samari masu zafin bi suka shiga gidan da waƙa, suka tumɓuke itacen, suka farfasa tukunyar a gaban kakata, tsohuwa tana kuka tana cewa ku bar mini ko sakaina ɗaya. Ba su tambaye ta ba, kuma ba su jawo ta ga Almasihu da hakan ba, har ta mutu ba ta taka ƙofar coci ba. A nan kudancin gari ma in aka ga mutum da laya ko ƙaho, matsafi za a ce. Alhali mutanen nan su ne suke cika mota ranar 1 ga Janairu su tafi Kagoro kallon bikin Afan, inda mafarauta suke fitowa da ƙahoni da fatu da layu, ko su tafi Kwoi bikin Tuk Ham. A filin biki al'ada ce, a ɗakin talaka ta zama laifi.

Tun 2000 muka raba garin nan biyu, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kirista kudanci. Irin su Baba ba su da ɓangare. Shi ya sa maganarka ta taɓa ni.

Malam Na-Tudun Wada

Bismillah. Alhaji, tambayarka ta farko amsarta a fili take. Ba wa wanda ba Musulmi ba hayar ɗaki don ya zauna halal ne. Abin da malamai suka hana shi ne ka ba da wuri da nufin a mayar da shi wurin bautar wanin Allah ko wurin sayar da giya. Kai don kwana ka ba shi, abin da ya ajiye a bayan ƙofarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, matuƙar bai fito da shi yana kiran yaranku zuwa gare shi ba.

Su kuma samarin, wanda ya isa da su ya karanta musu Suratul Hujurat. Aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Aya ta 12 ta hana yawan zato, ta hana leƙen asirin mutane. Ɗaukar hoton cikin ɗakin mutum ba da izininsa ba a watsa, wannan shi ne ainihin abin da ayar ta hana. A Suratul An'am aya ta 108 Allah ya hana mu zagin abin da mushirikai suke kira, don kada su rama da zagin Allah. Gumakan Makka ake magana a nan, kuma aka ce kada a zage su. To ina ga dukan mai su? Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba da damar kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Tsohon nan wa ya yaƙa?

Kuma ba yau Musulunci ya fara zama da Maguzawa ba. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, masu bautar wuta, ya bar su da addininsu. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta faɗaɗa wannan hukunci. A kan haka daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa bayan jihadin 1804 ta bar Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau a ƙauyukansu suna noma suna biyan jiziya, jininsu da dukiyarsu a tsare. Shi ya sa har yau suke nan. Yaran Kurmin Mashi ba su fi su Shehu da Abdullahin Gwandu kishin tauhidi ba.

Abu ɗaya zan ƙara, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Gidaje nawa ne a unguwannin namu da in aka bincika ba za a sami laya a ƙarƙashin matashi ba, ko guru a ƙugun maigida, ko wani ƙulli da aka binne a bakin shago don kasuwa? Masu su suna sahun gaba a masallaci. Wanda yake son yaƙi da shirka ga aiki nan a cikin gida, kuma da wa'azi ake yinsa.

Shi Baba yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka, haƙƙin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da shi har Annabi ya zaci za a ba maƙwabci gado. Ka kira shi zuwa Musulunci da kyakkyawar magana in ka samu dama. Ya karɓa, alhamdu lillahi. Bai karɓa ba, babu tilas a addini.

Baban Ummi, Kurmin Mashi

Na gode ƙwarai, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maman Dauda, Allah ya jiƙan tsofaffi, bayaninki ya ba ni ƙarfin gwiwar zuwa in tambaye shi kai tsaye.

Da ya dawo daga gadi na yi masa sallama. Ashe ya riga ya ji komai, har ya ƙulle kayansa a buhu. Na ce, "Baba, ba kora na zo yi ba, tambaya na zo yi. Mene ne a cikin tukunyar nan?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya janyo ta gabana ya ɗaga faifan. Jar ƙasa ce kusan rabin tukunyar, a kanta zangarniyar dawa guda ɗaya da ta bushe, sai wani ɗan zoben ƙarfe da ya yi tsatsa. Na sa hannu na tona har ƙasa da izininsa. Babu komai bayan wannan.

Ya ce ƙasar ta gonar ubansa ce, zoben ma na uban ne. Gonar ta fita hannunsu, 'ya'yansa biyu sun musulunta suna Zariya, ɗaya ta yi aure a coci, shi kaɗai ya rage a kan abin da ya tarar. In damina ta kusa yakan sayi zakara ya tafi ƙauye ya yanka a can, ya dawo da gashin da ɗan jinin a tsumma ya shafa. Ya ce, "Ban taɓa zubar da jinin ko ƙadangare a gidanka ba, Alhaji. Ka ce ba ka son hayaniya." Sai ya ce in zamansa zai jawo mini fitina, gara ya tafi tun da girma.

Na ce ya kwance buhunsa. Ɗan Rigasa, na ji maganarka kuma na san don Allah ka faɗa. Ka ce ba a rubuta a jikin tukunya ba. Gaskiya ne, amma tana da murfi, mai ita kuma yana da baki. Duk cikin masu rubutu a zauren nan babu wanda ya taka ya tambaye shi, alhali da yawansu ya sha ɗebo wa matansu ruwa in rijiya ta yi ƙasa.

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi

Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne wanda ya jera tauraro mai kusurwa shida ya ce alamar 'yan shan jini ce. Ya je ya tambayi kakarsa kobo da anini na zamanin Turawa, masu huda a tsakiya. Wannan tauraron ne a jikinsu, har da rubutun Larabci a kan na farko-farko. Shi ne kuma a tutar Najeriya daga 1914 zuwa 1960, kore a cikin jan da'ira. Gwamna Lugga da kansa ya bayyana cewa a jikin murfin wata butar tagulla ya gan shi, wadda sojojinsa suka samo lokacin da suka ci Kwantagora. Wato daga gidan sarkin Musulmi ya fito. Malamanmu na zaure hatimin Annabi Sulaimanu suke ce masa, yana cikin zayyanar alluna da tsofaffin littattafai tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ta sa shi a tutarta. Mai kusurwa biyar kuma, wanda Turawa suke dangantawa da masu sihiri, shi ne a tsakiyar tutar Maroko.

Haka alamar nan mai kama da gicciye mai lanƙwasassun hannuwa da muke gani a finafinan Indiya an zana a bakin ƙofa ko a jikin sabuwar mota. A wurin mabiya Hindu alamar sa'a da albarka ce tun dubban shekaru. Jam'iyyar Hitila ta ɗauke ta a 1920 ta sa a tutarta, aka yi kisan miliyoyi a ƙarƙashinta, yanzu a Jamus doka ta hana nuna ta don yaɗa wannan aƙida. Ba'indiyen da ya zana ta a ƙofar shagonsa ranar bikin Diwali ba ruwansa da Hitila. In ba ka tambaye shi ba, sai ka ɗora masa laifin da bai san da shi ba.

Mu a jihar nan ya kamata mu fi kowa sanin wannan. A ƙauyen Nok, cikin ƙaramar hukumar Jaba, masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan yumɓu da aka samu a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya ɗora a kan mutum-mutumin korar dabbobi a gonarsa ta doya. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara 2000 da suka wuce akwai mutane a ƙasar nan masu gwanintar gini da yumɓu da narkar da ƙarfe. A 2005 masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara aiki a yankin tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Amma har yau akwai manomin da in garmarsa ta tono irin wannan kai sai ya farfasa shi, wai gunki ne, wani kuma ya sayar wa dillalai a fitar da shi waje. Na sha kai ɗalibai gidan tarihi na titin Ali Akilu, kuma a kowane aji sai an sami wanda ya toge a bakin ƙofa yana ta'awwuzi. Nakan ce masa ya shigo ya karanta abin da aka rubuta a ƙasan gilashin, ba wanda ya ce ya yi sujada.

Alhaji, in za a yi zama da samarin, a samo tsohon kobo a nuna musu. Wurin masu sayar da tsofaffin kaya ba a rasawa.

Barista A., Malali

Alhaji, ta fuskar doka ka tsaya a kan ƙafarka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da bayyana shi, a fili ko a keɓe, kuma bai ce Musulunci da Kiristanci kaɗai ba. Sashe na 37 ya kare sirrin gidan mutum. Abin da doka ta haramta shi ne mallakar sassan jikin ɗan Adam da cutar da mutane, ba tukunyar ƙasa ba. Hasali ma dokar Final Kod ta Arewa ta ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifi, haka barazana da tunzura jama'a. Wato a yanzu waɗanda suke kusa da karya doka su ne masu rubutu a zauren, ba Baba ba.

Kai kanka ba ka da ikon fitar da shi kafin Juma'a ko da kana so. Ɗan haya sai an ba shi notis gwargwadon yarjejeniyarku, in ya ƙi tashi kotu ce take fitar da shi, ba mai gida ba, balle samarin unguwa.

Kada ka jira Juma'ar. Yau ka je wurin mai unguwa da limamin masallacinku tare, ka gaya musu abin da ka gani da idonka. Ka adana hotunan saƙonnin barazanar a wayarka kafin a goge. Ka sanar da DPO a rubuce, ko da ba ka son a kama kowa, don a san da maganar. Daren Alhamis da yinin Juma'a Baba ya zauna a wurin aikinsa, saboda bayan an sauko daga masallaci ne taro yake da sauƙin haɗuwa. In abin ya fi ƙarfin unguwa, akwai cibiyar sasanci da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a nan Kaduna a 1995. Su biyun sun taɓa jagorantar samari masu gaba da juna, Fasto Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Sun san yadda ake magana da matasa masu zafin kai.

Ɗan Rigasa

To Alhaji, tunda ka buɗe ka gani da idonka, gani ya kori ji. Ni dai har yanzu tsoron ranar da wani abu zai faru a unguwar nake ji masa. In zai zauna, a sa liman ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa an bincika, kada ya tsaya a tsakaninku ku uku.

Baban Ummi, Kurmin Mashi

Haka za a yi. Mai unguwa ya kira zama gobe bayan la'asar a ƙofar gidansa, liman ya ce zai zo, kuma ya ce zai taɓo maganar zato da leƙen asiri a huɗuba. Na kai takarda ofishin 'yan sanda. Baba ya yarda mai unguwa da liman su shiga su duba tukunyar, amma ya roƙa kada a fito da ita waje a yi ta kallo, na ce wannan haƙƙinsa ne. Na kira babban ɗansa na Zariya, ya ce zai taho da safe ya tsaya kusa da ubansa.

Barista, saura abu ɗaya. Hoton ya riga ya fita daga zauren unguwarmu, ɗazu wani ɗan uwana ya turo mini shi daga wani zaure na Badiko, an ƙara masa da cewa wai an kama mutumin da kan yaro. Wanda ya fara sakawa ɗan makaranta ne, bai kai 18 ba, kuma ubansa abokina ne tun muna yara. Akwai hanyar da za a sa ya fito ya janye maganar a rubuce, a tura duk inda hoton ya je, ba tare da an kai shi caji ofis ba?